Hutun da Muka Kai Baba Kuala Pilah

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. A masallaci, a tashar jirgi, a zauren wayarmu na matan da ke karatu a nan, duk wadda ta gan ni sai ta ce, "Hauwa, ya ƙauyen? Mu ma muna so mu kama gida a hutun nan. A ƙauye ya fi ko a cikin gari?" Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, kuma duk wadda na bayar sai in ji ba ita ba ce. Shi ya sa na zauna na rubuta abin gaba ɗaya, wadda ta sake tambaya sai in tura mata.

Ni da maigidana Mukhtar muna zaune a Titiwangsa, wata unguwa a birnin Kuala Lumpur, a wani ɗan gida can saman bene, dukkanmu karatu ya kawo mu. Mahaifina manomin shinkafa ne a wani ƙauye da ke gefen Kura. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi. Allah ya taƙaita, bakinsa ya dawo daidai, amma ƙafar hagu sai ya ja ta. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, yayyena maza kuma kowa yana birni da hidimarsa. Sai muka haɗa kai aka kawo shi wurina don a yi masa gashi a wani asibiti a nan.

Jikin ya karɓi magani, mai jikin ne bai karɓi garin ba. Baba mutum ne mai hira, wanda in ya fita sallar la'asar sai an aika a kira shi cin tuwon dare. A nan kuwa sai ya wuni a bakin taga yana kallon jiragen ƙasa suna wucewa a ƙarƙashinsa. Cin abinci ya ragu. Rediyon da na saka masa a waya ma ya daina kunnawa. Wata safiya ina haɗa masa magani ya ce, "Uwata, ki nema mini jirgi." Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Na ce wane jirgi, Baba? Ya ce, "Na gida."

Likitan da ke duba shi ya ce da sauran aiki, in aka katse yanzu ƙafar za ta iya tsayawa a haka. Amma shi ma ya ga yadda tsohon ya koma, sai ya ce mu ɗan fitar da shi daga gari na 'yan kwanaki ya sha iska.

A nan gardama ta fara. Wata abokiyar karatuna ta ce Kuala Pilah ba nisa, kuma yankin yana da gonakin shinkafa. Muka yarda da wannan. Abin da ba mu yarda a kai ba shi ne inda za mu sauka. Mukhtar ya ce a kama gida a cikin garin, kusa da asibiti da kantin magani, in ana son ganin gona a ɗauki mota a je a dawo. Ni na ce in dai gini da kwalta ne ai ga su nan mun baro, manomi ƙasa yake son takawa. Muka yi ta leƙa hotunan gidajen haya a waya, kowanne mai shi ya rubuta cewa yana kusa da komai. Na ga wani gidan katako a wani ƙauye, ga baranda, ga bishiyoyin kwakwa, ga kore shar a bayansa. Na kafe a kansa har Mukhtar ya ce, "To, mahaifinki ne, kin fi ni saninsa." Baba yana ɗaki yana jin mu.

Ranar tafiya muka fito da hantsi. Ni da jakar kaya da kwamfuta, don malamina yana jiran babi guda daga wurina. Mukhtar da buhun da na cusa garin masara da kuka da daddawa da yaji. Baba da sandarsa. Ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari ya sauke mu a unguwar Brickfields, daga nan sai an ratsa ta cikin wani katafaren kanti kafin a kai babbar tasha. Kullum ina bin hanyar nan, ban taɓa sanin tana da tsawo ba sai ranar da na bi ta da mai jan ƙafa. Kafin mu kai bakin jirgin Seremban gumi ya jiƙa mini hijabi.

Garin sauri kada ƙofa ta rufe da sandar Baba, muka faɗa taragon da ya tsaya a gabanmu. Sai da muka zauna na lura babu namiji ko ɗaya a ciki. Na mata ne zalla, ga shi an rubuta a ko'ina, mu ne ba mu duba ba. Na raɗa wa Baba. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ce, "Ashe cikin gida muka shiga ba sallama." Wata dattijuwa ta yi ta yi masa alama da hannu ya zauna abinsa, ba komai. Ina! Sai da ya miƙe, jirgi yana jijjiga, Mukhtar ya riƙe shi suka lallaɓa zuwa tarago na gaba. Suka bar ni da kaya duka, sanyin na'ura yana busar mini da gumin a jiki.

A Seremban muka kira mota ta waya. Direban wani dattijo ne ɗan asalin Sin, mai son hira. Da ya ji daga Najeriya muke sai ya kama maganar ƙwallo, shi da Mukhtar suka yi ta yi. Hanyar ta fara hawa tudu tana lanƙwasa. Muna gangarowa muka tarar da shingen 'yan sanda suna duba takardu. Ni kuwa fasfona yana makaranta ana sabunta mini biza, kwafi kawai nake da shi da katin ɗalibta. Aka ce mu faka a gefe. Ɗan sandan ya juya takardun, ya yi waya, ya sake juyawa. Ni ina tsaye a rana ina lissafin yadda zan yi da tsoho mara lafiya in aka ce in biyo su ofis. Can ya leƙa motar ya ga Baba da hula da carbi da sanda a tsakanin ƙafafu. Ya tambaye ni ko ba shi da lafiya ne, na ce e. Ya miƙo mini takarduna, ya ce wa direba ya tafi a hankali. Da muka hau hanya Baba ya ce, "Shi ke nan? Ba a sauke kaya?" Na ce shi ke nan. Ya jinjina kai.

Ƙauyen ma sai da muka ɓata. Ashe ƙauyuka biyu ne masu suna ɗaya, wani a saman rafi wani a ƙasan rafi, taswirar waya ta kai mu wanda ba shi ba. Direban da ya wuni yana dariya ya daina magana.

Hoton gidan bai yi ƙarya ba. Ga barandar, ga kwakwar, ga koren. Sai dai wanda ya ɗauki hoton a saman matakala yake tsaye. Gidan a kan dogayen ginshiƙai yake, mutum zai iya wucewa ta ƙarƙashinsa bai sunkuya ba, kuma hanyar shiga ɗaya ce, wata matakala a tsaye kamar tsani. Mukhtar ya dubi matakalar, ya dubi ƙafar Baba, ya dube ni. Da ya yi magana da ya fi mini sauƙi.

Mai kula da gidan wata 'yar gajeriyar tsohuwa ce, Makcik Rohana. Makcik kamar a ce gwaggo ne a wurinmu. Gidanta yana maƙwabtaka, ta fito da sauri tana gyara ɗankwali, mijinta Pakcik Daud, wato kamar a ce Kawu Daud, yana biye da ita. Ban san yadda za mu yi ba sai na ga Pakcik ya shiga ƙarƙashin hammatar Baba ta dama, Mukhtar ya ce, "Baba, ku dafa ni," ya shiga ta hagu, suka haura da shi. Baba bai so ba, na gani a fuskarsa. Banɗaki kuma na tsuguno ne, a can baya. Da na yi wa Pakcik bayani da guntun Malayancina, yaren ƙasar, ya tafi ya dawo da kujerar roba da wuƙa, ya zauna a ƙasa ya yanke mata tsakiya. Ita Baba ya yi ta amfani da ita har muka bar wurin.

Da yamma Makcik ta kawo mana abinci: shinkafa da naman da aka banda a hayaƙi, aka dafa shi cikin madarar kwakwa da kurkum da wani ɗan mitsitsin barkono mai tashin kai. Baba ya kai loma ɗaya, ya tsaya, ya ce, "Wannan ai banda ce. Me ya kai su zuba mata madara?" Ya ci gaba da ci yana gumi yana jan hanci, har ya nemi ƙari. Rabon da in ga ya ci abinci haka har na manta. Na ji daɗi, na dubi Mukhtar don ya ga ni ce da gaskiya. Sai daga baya na tuna likita ya hana shi maiƙo da gishiri, kuma wannan miyar ba komai a cikinta sai su. Daga ranar girki ya dawo kaina.

A nan na gane hutun ƙauye na wanda ake dafa wa ne. Kanti ɗaya ne a ƙauyen, kuma sai mai shi ya ga dama yake buɗewa. Kifi da kayan miya wata mota ce ke kawowa da safe tana hon, in kina wanka ta wuce sai gobe. Tukunyar gas ta ƙare ina tsakiyar tuƙa tuwo. Na bar tagar kicin a buɗe don hayaƙi ya fita, birai suka shigo suka ɗauke burodin karin kumallo. Ɗaya ya ɗauki ƙullin daddawa, ya hau bishiya ya kwance, ya shinshina, ya jefo mini abina. Waya ba ta kamawa sai a gindin wata bishiya a bakin hanya, nan nake tsayawa da kwamfuta a hannu sauro yana cina, ina ba malamina haƙuri. Ga wanki, ga magani a kan lokaci, ga motsa wa Baba ƙafa safe da yamma yadda aka koya mini. Shirun da na biyo, ban samu zama na saurare shi ba.

Abin da ya fi ba Baba mamaki a kwanakin farko al'adarsu ce ta gado. Muna zaune a baranda ya ce in tambayi Pakcik ko a gidan nan aka haife shi. Pakcik ya yi dariya ya nuna matarsa. Ya ce a yankinsu gida da gonar gado na mata ne, daga uwa sai 'ya, namiji in ya yi aure shi ke tarewa a gidan matarsa. Na fassara. Baba ya gyara zama.

"Tambaye shi, in sun yi faɗa fa?"

Na tambaya. Pakcik ya ɗauki hularsa ya kifa a ka, ya saɓa zanensa a kafaɗa, ya yi kamar zai sauka daga matakala. Makcik ta kai masa duka da mafici. Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wato shi ke yin yaji." Ya daɗe yana maimaita maganar shi kaɗai.

Gidan da muke ciki na yayar Makcik ne da ta rasu. 'Ya'yanta mata suna Kuala Lumpur da Johor, ba mai niyyar dawowa. Makcik ta ce ba don komai take saka baƙi ba sai don kada gara ta cinye shi, gidan katako in ba a taka shi lalacewa yake yi.

Wata rana bayan azahar na fito daga wanka na tarar babu Baba. Mukhtar ya ce Pakcik ya ɗauke shi a babur su zaga gonaki. Na ce babur? Mutumin da ƙafarsa ba ta riƙe takalmi? Ya ce shi Baban ne ya nema, shi kuma ba zai iya hana surukinsa ba. Na tsaya a bakin hanya ina ta saƙe-saƙe har suka dawo. Lafiya lau suka dawo, sai dai Baba ya canza. Aka haura da shi, ya zauna a baranda, na kawo shayi bai taɓa ba.

Bayan la'asar ya ce, "Uwata, zo ki zauna."

Na zauna a tabarma kusa da ƙafarsa.

"Wa ya ce miki ƙauye nake so?"

Na ce, "Baba, na ga benen ya ishe ka ne. Na ce ko in ka ga gona ranka zai yi daɗi."

"Kun yi ta gardama ke da mijinki, ina jin ku ta bango. Shi gari, ke ƙauye. Na ce bari in ga ko ɗayanku zai leƙo ya tambaye ni." Ya ƙara da cewa, "Ni tun ina yaro nake cikin taɓo. Ku da kuka tashi kuka bar shi ku ke ganin ƙauye wurin hutu ne."

Ya ci gaba:

"Mutumin nan ya zaga da ni. Ruwa yana gudu a banza, Uwata, rani da damina. Ƙasa baƙa wuluk. Da za a ɗauke fadamar nan a kai mana Kura, da sai an raba mutane faɗa a kanta. Amma ciyawa ta fi ni tsawo, ba mai nomawa. Ya yi ta nuna mini gidaje. Ban jin yarensa, amma na gane. Wannan mai shi ya mutu. Wannan 'ya'yan suna birni. Wannan sai da Sallah ake buɗewa. Muka tsaya a masallacinsu, sahu ɗaya bai cika ba, kuma duk sa'annina ne." Ya murza carbinsa. "Ke kin kawo ni in ga shinkafa. Ni gidana na gani."

Na ce, "To me kake so, Baba?"

Ya ce, "Mutane. Inda zan zauna ana wucewa, a yi mini sannu in amsa."

Na tashi na shiga kicin kamar zan duba tukunya. Babu komai a kan wuta.

Washegari aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke, Baba ya ce zai sauka ya ɗan taka a tsakar gida. Mukhtar yana riƙe da shi, amma katakon ya jiƙe, ƙafar hagun ta zame a matakalar ƙarshe, suka zube tare. Ƙarar da na ji daga ciki har yau ban manta ta ba. Na fito na tarar da Baba zaune cikin taɓo, gwiwar hannunsa tana jini, yana cewa, "Ba komai, ba komai," Mukhtar kuma duk ya ruɗe.

Na ruga gindin bishiyar nan na kira mota ta waya. Babu ko ɗaya a kusa, abin sai juyawa yake yi. Pakcik ya fito da wata tsohuwar motarsa daga ƙarƙashin gida, ta ƙi tashi, sai da Mukhtar ya tura ta har bakin hanya. A haka muka shiga Kuala Pilah, Baba a gaba, ni a baya ina danne masa hannu da ɗankwalina, Mukhtar taɓo har gwiwa.

Aka ɗauki hoton ƙashi, Allah ya kiyaye babu karaya. Likitar ta wanke ciwon ta ɗaure, sannan ta tambayi inda muka sauka. Da na faɗa mata ta dube ni ta saman tabarau ta ce kada ya sake hawa matakala. Mukhtar ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Na ji nauyin gaya wa Makcik za mu tashi kwanakinmu ba su cika ba. Ita ce ma ta sauƙaƙa mini. Ta ɗauki waya ta kira wata 'yar uwarta mai ɗakunan haya a cikin gari, a ƙasa, ba bene. Tana taya ni ninke kaya ta ce haka baƙi suke yi, ranar farko su yi ta yabon shirun, bayan kwana biyu su fara tambayar hanyar gari. Ba da fushi ta faɗa ba. Ta cika mana leda da ayaba da gwanda, ta tsaya a gindin matakala har muka sha kwana. Pakcik da Baba suka daɗe riƙe da hannun juna, kowa yana magana da yarensa.

Masaukin cikin gari ba wanda zai saka hotonsa a waya. Ɗaki biyu ne a bayan jerin kantuna, taga tana kallon lungu, ƙamshin soyayyen kifi yana shigowa tun safe, babura ba sa tsayawa. Ga wani kukan tsuntsaye mai shiga kunne da ba ya yankewa. Na yi ta neman bishiyar ban gani ba. Mai ɗakin ta ce lasifika ce a saman wani kanti, ana kiran wasu 'yan tsuntsaye da ita su shigo su yi sheƙa, sheƙar kuma da yawunsu suke yin ta, ita ake sayarwa da tsada a yi miya. Na gaya wa Baba. Ya ce, "Miyar yawun tsuntsu?" Na ce e. Ya ce, "Kuma su ne biransu suka raina daddawa."

Amma masallaci yana ƙarshen layin, tafiyar da Baba zai iya da sanda. Tsakaninsa da masallacin akwai kantin shayi na mamak, Indiyawan nan Musulmi, inda tsofaffin garin ke zama bayan kowace salla. Ran farko Mukhtar ya raka shi. A masallacin suka gamu da wani tsohon malamin makaranta, Haji Idris, mai ɗan jin Larabci. Baba ma yana da nasa na zaure. Da wannan guntun da wancan guntun suka ƙulla hira, inda Larabci ya ƙare hannu ya ɗauka. Haji Idris ya ja shi teburinsu. Kafin kwana biyu Baba ya iya cewa a kawo masa shayi ba sukari da yarensu, kuma duk abin da aka ce masa sai ya ce, "Boleh," wato ya yiwu, ko ya gane ko bai gane ba.

Ni kuwa na buɗe kwamfuta da niyyar in gama babin nan tunda waya tana kamawa. Bayan azahar ne. Na ce bari in ɗan kishingiɗa. Ban farka ba sai da rana ta yi sanyi, kwamfutar ta mutu a gefena, gidan ba kowa. Na zari hijabi na fita a rikice, na ɗauka wani abin ya sake faruwa. Daga nesa na hango su a kantin shayin. Baba yana tsakiyar tsofaffi, ya tsoma yatsa a ruwan da ya zube a tebur yana zana musu yadda ake raba ruwa a fadamar Kura, wannan fangali ya sha sannan a toshe a buɗe wa wancan. Suna ta gyaɗa kai, wani yana gardama yana zana nasa. Mukhtar yana can wani tebur shi kaɗai yana danna waya, an manta da shi. Ban ƙarasa ba. Na koma ɗaki na sake kwanciya.

Sauran kwanakin haka suka tafi. Na yi barci, na dafa abin da ya sauƙaƙa, babin bai motsa ba. Gonar shinkafa ta gaske, wadda ake nomawa, sau ɗaya muka gan ta, ta tagar mota a hanyarmu ta komawa Seremban. Na nuna wa Baba. Ya leƙa ya ce sun cika dasawa kusa da kusa, ya mayar da kansa ya jingina.

A cikin jirgi, wannan karon taragon da ya dace, ya ce, "Uwata, zan ƙarasa gashin nan. Duk abin da likita ya ce zan yi. Amma ranar da ya sallame ni, a ranar nake so ki nuna mini tikiti."

Ni a raina na so ya zauna har in gama karatu mu koma tare, ban dai taɓa faɗa masa ba. Na ce, "Baba, wa zai dafa maka a can? Wa zai tuna maka magani?"

Ya ce, "Gwaggonki Ladi tana nan. Maƙwabta suna nan. Ke ki yi karatunki."

Na ce za mu sake magana. Ya ce to.

Masu tambayata ƙauye ko gari, ga iyakar abin da na sani. In za ku kama gidan ƙauye, ku ce a turo muku hoton matakala da na banɗaki, ku tambayi inda ake sayen gas, kuma kada ku je ba motar kanku. In da tsoho ko mara lafiya a tafiyar, ku sauka a gari, ƙauyen ku je masa yawo. Wadda za ta yi girkin ita ya kamata ta fi kowa baki a zaɓen. Ban da wannan ban san komai ba, ni ma ban dawo da hutun da na je nema ba.

Makon jiya likita ya ce an kusa. Baba ya ce in kai shi Jalan Tuanku Abdul Rahman, wani titin kantuna, ya sayi tsaraba. Zannuwan nan masu gidan dara da tsofaffin Kuala Pilah ke ɗaurawa zuwa masallaci yake so ya kai wa abokan zamansa na ƙofar gida. Na tafi da shirin in sake jawo maganar zamansa in muka zauna cin abinci. A kantin aka ba shi kujera, mai kanti yana sauko da zannuwa, Baba yana kiran suna ina warewa. Wannan na Liman. Wannan na Alhaji Ado mai injin casa. Mai ruwan ƙasan na Ɗanjuma, shi ba ya son abu mai haske. Wannan shuɗin na Malam Sale.

Na ɗauki shuɗin, sai na tsaya. Malam Sale ya rasu Baba yana nan, ta waya aka gaya masa, ni na miƙa masa wayar. Shi ma ya tuna. Ya daɗe yana kallon zanen a hannuna. Mai kanti ya tambaya ko kalar ce ba ta yi ba.

Na ce, "A mayar, Baba?"

Ya ce, "Saka. In na je gaisuwa na ba babban ɗansa."

Na saka. Muka fito, muka ci abinci a wani kanti a kan layin, ban ɗauko maganar da na zo da ita ba. Da muka koma gida na buɗe kwamfuta na fara duba jiragen Kano.